Labarin Gun Club, Tawagar Da Ta Share Hanya Wasu Suka Ci Kasuwa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kai da ma'aikatanka kuna lafiya, ina roƙon ka ba ni fili, ko da ya ɗan zarce wanda aka saba ba masu wasiƙa, in yi tsokaci a kan rubutun da kuka buga a shafin nishaɗi game da samarin Nijar masu kaɗa jita, waɗanda yanzu ake cika wa ɗakunan wasa a Amurka da Turai. Na ji daɗin ganin sunan Bombino da Mdou Moctar a jaridar Hausa. Sai dai marubucin ya bar zancen kamar wata safiya ce kawai Turawa suka tashi da son kiɗan hamada. Abin da na sani shi ne an daɗe ana horar da kunnen da ya karɓi wannan kiɗa, kuma da yawa daga waɗanda suka sha wahalar horarwar sun mutu hannu rabbana. Labarin ɗaya daga cikinsu nake so in bayar: wata tawagar makaɗa ta birnin Los Angeles mai suna The Gun Club, wadda ta yi aiki daga 1979 zuwa 1996 ba tare da waƙarta ko ɗaya ta taɓa shiga sahun gaba a kasuwa ba.

Ni injiniyan ruwa ne mai ritaya, ban taɓa kaɗa komai ba. A shekarun 1980 aka tura ni ƙaro karatu a arewacin Ingila, na kama ɗaki a wani gida da muke haya da wasu ɗalibai. Ɗakin da ke manne da nawa na wani yaro ne ɗan garin York, mai tara faifai, wanda har kuɗin abincinsa a shagon faifai yake ƙarewa. Bangon gidan ba kauri, duk abin da ya kunna sai na ji, kuma mafi yawansa hayaniya ce a kunnena. Amma akwai faifai ɗaya da in ya sa nakan ajiye biro. Jitar ciki kuka take yi, tana jan amo sama da ƙasa yadda goge ke yi a hannun gwani, mawaƙin kuma yana bin ta da wata murya mai kaifi wadda takan zame ta dawo. Na ƙwanƙwasa masa ƙofa na tambaya. Ya naɗa mini a kaset, daga baya ya ƙaro mini sauran, ya kuma riƙa ara mini mujallun da ke rubutu a kansu. Tun daga lokacin nake bin labarinsu.

Kiɗan pank ya taso ne wajen 1976 a New York da Landan, ya kama Los Angeles a 1977. Samari ne da 'yan mata da suka gaji da manyan taurarin rok masu cika filin ƙwallo, waɗanda makaɗinsu ɗaya kan yi minti 10 yana nuna gwaninta shi kaɗai. 'Yan pank suka ce waƙar minti 2 ta isa, a buga da sauri da ƙarfi, kuma ko jiya ka fara riƙe jita kana da ikon hawa dandamali. Yawancin gidajen rediyo ba sa kunna su, manyan kamfanoni kuma ba su damu da yawancinsu ba. Sai suka buɗe ƙananan kamfanoninsu, suka riƙa buga mujallunsu da kansu, suna wasa duk inda aka ba su ɗaki. A Los Angeles akwai wani wuri da ake kira Masque, a ƙarƙashin wani gini a Hollywood, akwai kuma gidajen abincin 'yan Sin a unguwar Chinatown, irin su Hong Kong Café, waɗanda da dare sukan koma wurin kiɗa.

A cikin wannan taro Jeffrey Lee Pierce, mawaƙi kuma jagoran Gun Club, ya taso. An haife shi a 1958 a Montebello, gabas da Los Angeles, mahaifiyarsa 'yar asalin Meziko ce. Kafin ya zama mawaƙi, mai sauraro ne na ƙwarai. Shi ne shugaban ƙungiyar masoyan tawagar Blondie, har ya rine gashinsa ya koma irin na mawaƙiyarsu Debbie Harry. Yana rubutu a mujallar Slash, galibi a kan kiɗan rege, kuma son rege ya kai shi har Jamaika. A 1979, a layin shiga wani wasa, ya gamu da Brian Tristan, shi ma ɗan asalin Meziko, shugaban masoyan tawagar Ramones a yankinsu. Wannan Brian shi ne duniya ta sani daga baya da Kid Congo Powers, sunan wasa ne kawai, ba shi da haɗi da ƙasar Kongo. Pierce ya ce masa su kafa tawaga. Brian ya ce bai iya jita ba. Pierce ya ɗaure masa wayoyin jitar irin ɗaurin tsofaffin makaɗan Misisipi, wanda in ka shimfiɗa yatsa ɗaya a kan wayoyin gaba ɗaya amo zai fito daidai, ya ba shi faifan tsohon makaɗin jita Bo Diddley ya ce ya je ya yi ta bi. Da haka suka fara, da sunan Creeping Ritual. Sunan Gun Club kuwa Keith Morris ne ya raɗa musu, mawaƙin farko na tawagar pank ta Black Flag, wanda suka taɓa zama gida ɗaya da Pierce.

Wannan ɗaurin wayoyi shi ne gindin maganar. A wajen 'yan pank na lokacin, buluz, wato kiɗan baƙaƙen fatar kudancin Amurka, kiɗan tsofaffi ne, wanda taurarin rok suka riga suka tatse suka mai da shi abin burga. Pierce ya tsallake taurarin nan duka ya koma tushe, wato baƙaƙen fatar jihar Misisipi, 'ya'ya da jikokin bayi, masu noma auduga a gonar wani a raba amfani, waɗanda aka naɗi muryoyinsu a shekarun 1920 da 1930: Charley Patton, Son House, Tommy Johnson, Skip James, Robert Johnson. Mutum ɗaya ne da jita ɗaya, wani lokaci da wuyan kwalba a yatsa yana goga shi a kan waya. Son House ya yi wa'azi a coci kafin ya kama jita, kuma ya ƙare rayuwarsa zuciyarsa a rabe tsakanin ibada da giya, a cikin waƙarsa ma ana jin wannan kokawa. Robert Johnson waƙa 29 kacal ya bari, an naɗe su a 1936 da 1937 a jihar Texas, ya rasu a 1938 yana da shekara 27, kuma an daɗe ana gardamar inda aka binne shi. Abin da Pierce ya ji a waɗannan tsofaffin faifai tsoro ne, da fushi, da numfashin mutumin da ake bi a baya. Ya gane cewa tsoho ɗaya da jitar katako yana iya fin samari huɗu masu lasifika zafi.

Kunnena ma bai yaudare ni ba da na ji goge a ciki. Wani masanin kiɗa ɗan ƙasar Ostiriya, Gerhard Kubik, wanda ya shafe shekaru masu yawa yana naɗar kiɗa a Afirka, ya fitar da littafi a 1999 inda ya kafa hujjar cewa salon buluz na Misisipi ya fi kusa da kiɗan yankin da ya taso daga Mali ya ratsa arewacin Gana da arewacin Najeriya zuwa Kamaru, fiye da kiɗan ganguna na bakin teku. Mawaƙi ɗaya, abin kiɗa mai tsirkiya, murya mai lanƙwasa. A ƙauyukan Misisipi yara kan kafa waya ɗaya a jikin bangon gida su riƙa goga kwalba a kai, kuma da ita makaɗa da yawa suka fara. Buluz dai na waɗanda suka sha azabar Amurka ne, su suka ƙirƙire shi daga wahalarsu, ba na so mu yi musu ƙwace da sunan zumunci. Amma zumuncin akwai shi.

A ƙarshen 1980 Kid Congo ya koma tawagar The Cramps, wadda ta fi su suna a lokacin. Ward Dotson ya karɓi jita. Rob Ritter da Terry Graham suka zo daga wata tawagar pank mai suna Bags, na farkon da jitar bes, na biyun da ganguna. Su huɗun nan suka naɗi Fire of Love, wanda ya fito a 1981 a Ruby, wani reshe na kamfanin Slash. Cikin gaggawa aka yi shi da kuɗi kaɗan, kuma ana jin haka. Shi ne faifan da ya ratso mini bango. A ciki sun ɗauko waƙar wa'azi ta Robert Johnson, wadda shi ma a wajen Son House ya samo tushenta, da "Cool Drink of Water" da Tommy Johnson ya naɗa a 1928. Ba su yi musu riƙon kayan tarihi ba. Graham yana kora ganga da saurin pank, Dotson yana goga waya, sai kiɗan ya lafa har ka ji mawaƙin yana magana ƙasa-ƙasa, sai kuma ya ɓarke gaba ɗaya. A ma'aunin makaranta Pierce ba gwanin murya ba ne, sau da yawa yakan sauka a gefen amon da ya nufa. Amma ya fahimci abin da gwanaye da yawa suka rasa, cewa tsofaffin nan sun riƙa waƙa ne kamar ransu ya dogara da ita, shi ma haka ya yi. Kafin wannan faifan da wuya ka sami wanda ya haɗa pank da buluz na karkara a tukunya ɗaya ta wannan hanya. Bayansa sai haɗin ya zama salo mai zaman kansa, mai suna da mabiya.

Akwai abin da ba zan rufe ba, domin mai karanta jaridarka baƙar fata ne kamar ni. A cikin wannan faifan Pierce ya furta kalmar nan ta cin mutunci da fararen kudancin Amurka ke kiran baƙaƙe da ita. Masu kare shi sun ce bakin wani ya ara, bakin mugun ɗan kudu, domin ya tona muninsa, yadda ɗan wasan kwaikwayo ke fitowa a ɓarawo. Na yarda abin da ya nufa ke nan. Mutumin da ya ba rege da buluz rayuwarsa, shi kansa kuma ruwa biyu, ba na zaton ƙiyayyar baƙi ce a ransa. Duk da haka ban yafe wa wannan baitin ba. Wanda ya ci ya ƙoshi a akushin mutane bai kamata ya ɗauki zagin da aka yi ta jifansu da shi ya mai da shi adon waƙa ba, a gaban taron da kusan duka farare ne, waɗanda wasunsu ba za su tsaya tambayar me ake nufi ba. Har yau in kaset ya kawo wurin sai raina ya ɓaci. Na faɗi wannan ne don kada wani yaro ya nemo faifan saboda wasiƙata ya ci karo da abin ba shiri.

Fire of Love ya fi samun karɓuwa a New York da Turai, musamman Faransa, fiye da garinsu. Chris Stein na Blondie, wanda Pierce ya yi wa hidima yana masoyi, ya ɗauke su a ƙaramin kamfaninsa mai suna Animal, ya naɗa musu Miami a New York a 1982, Debbie Harry ta yi amshi a ciki da wani suna na aro. Mutum uku ne a hoton bangon faifan, domin Ritter ya riga ya kama gabansa. Wasu na cewa an rage wa Miami wuta, amonsa ya yi siriri. Ni a wurina a nan Pierce ya nuna shi marubucin waƙa ne. Ya shigo da kiɗan kantiri na talakawan farare, ya riƙa waƙar doguwar hanya da daji da gawa da ƙasar da aka gina a kan jinin wasu. Waƙar da ta rufe faifan, "Mother of Earth", a hankali take tafiya, babu ihu babu gaggawa, kuma ita nake sa wa duk wanda ya ce mini 'yan pank ba su iya komai ba sai ƙara.

Daga nan cutar da ta bi tawagar har kabari ta bayyana, wato shige da ficen mutane. Dotson da Graham suka fita. Patricia Morrison, ita ma tsohuwar 'yar Bags, ta karɓi bes. A 1983 aka yi ɗan gajeren faifai mai suna Death Party da wasu makaɗa dabam. Kid Congo da Graham suka dawo aka yi The Las Vegas Story a 1984, inda har suka taɓa kiɗan makaɗin jaz Pharoah Sanders da na marubucin kiɗa George Gershwin. A daidai lokacin Stein yana fama da wata muguwar cutar fata da ta kwantar da shi tsawon lokaci, Blondie ta riga ta watse, kamfanin da ya kamata ya tura faifan ba shi da mai tura shi. Graham ya sake tafiya ana tsakiyar rangadin Turai, sauran suka rabu a farkon 1985. Waɗanda suka yi aiki da Pierce ba su ɓoye ba cewa zama da shi sai haƙuri. Ga giya, ga miyagun ƙwayoyi, ga faɗa da masu kallo daga kan dandamali, ga kuma rashin kuɗi, wanda shi kaɗai ma ya isa ya raba 'yan uwa.

Pierce ya tare a Landan, ya fitar da faifai da sunansa shi kaɗai, Wildweed, a 1985. A shekara mai bi ya sake ɗaga tawagar da Romi Mori, 'yar ƙasar Japan, a kan bes, da Nick Sanderson ɗan Ingila a kan ganguna, Kid Congo kuma ya sake dawowa duk da yana kaɗa wa mawaƙin Ostiraliya Nick Cave a lokaci guda. Suka tafi Berlin ta Yamma, situdiyon Hansa da ke kusa da katangar da ta raba birnin, inda David Bowie ya yi aiki a 1977. Robin Guthrie na tawagar Cocteau Twins ne furodusa, mutumin da aka sani da kiɗa mai taushi da yalwar amo, wanda ba wanda zai yi zaton zai dace da su. Ya dace. Mother Juno ya fito a 1987, ina Ingila a lokacin, kuma ina tuna yadda maƙwabcina ya shigo da shi yana alfahari, domin kamfanin da ya buga shi, Red Rhino, daga wani shagon faifai na garinsu York ya samo asali. A wannan lokacin Pierce ya ja baya daga shaye-shaye, ya rage jiki, ya zauna ya koyi jita da gaske. Muryarsa ta zauna, waƙoƙin sun yi faɗi. In aka tambaye ni wanne ne ya fi muhimmanci a tarihi zan ce na farko, amma wannan ne na fi saurare.

A nan ne ya kamata mai karatu ya fahimci yadda kasuwar 'yan bayan fage take. Ƙananan kamfanonin Ingila ba su da motocin rarraba kaya irin na manya, sai shagunan yankuna suka haɗa kai suka kafa wata hanyar rarrabawa da ake kira Cartel: Rough Trade a Landan, Red Rhino a York, Revolver a Bristol, da wasu. Kowa ya rarraba faifan ɗan uwansa a yankinsa, kuɗi ya biyo baya bayan watanni. Tsari ne mai kyau matuƙar kowa yana tsaye. A 1988 Red Rhino ya durƙushe da bashi. Idan mai rarrabawa ya faɗi, faifan da ke rumbunsa ya maƙale, kuɗin da aka riga aka sayar ya tafi da shi, mawaƙi kuma yana can ƙarshen layin masu bin bashi. Faifan da ya fi kowanne damar fitar da Gun Club daga ƙunci sai ya ɓace daga shaguna a daidai lokacin da ya fara tafiya. Sau biyu ke nan kamfani yana rushe musu a ƙarƙashin ƙafa, kuma wannan karon ba laifin Pierce a ciki.

Sun ci gaba duk da haka. Pastoral Hide and Seek a 1990, Divinity a 1991, Lucky Jim a 1993. Turai ce ke ciyar da su, Holan da Beljiyam da Faransa da Jamus, ƙasarsu kuwa ta kusa mantawa da su. A 1992 Pierce ya yi abin da nake ganin ya fi komai wanke shi: ya zauna da wani makaɗin Landan da ake kira Cypress Grove suka naɗi faifai wanda mafi yawansa tsofaffin waƙoƙin buluz ne, na su Skip James da Howlin' Wolf, ba tare da gaggawar pank ba, kamar almajirin da ya dawo ya biya karatu a gaban malamansa. Bayan nan Kid Congo ya tafi, Mori da Sanderson suka tafi, Pierce ya koma wa kwalba alhali hantarsa ta riga ta lalace. Ya koma Amurka. Ranar 31 ga Maris, 1996, ya rasu a Salt Lake City, jihar Utah, inda mahaifinsa yake, sakamakon fashewar jini a ƙwaƙwalwa. Shekararsa 37. Littafin tarihin rayuwarsa sai a 1998 ya fito, a ƙaramin kamfanin ɗab'i na mawaƙin pank Henry Rollins.

Mujallun Turawa suna da wata ɗabi'a da ba na so jaridarmu ta kwaikwaya, ta yi wa irin wannan mutuwa kwalliya, kamar giya da allura su ne kuɗin da ake biya a sayi basira. Tarihin wannan tawaga kaɗai ya ƙaryata su. Rob Ritter ƙwayar hiroyin ce ta kashe shi a 1990, yana saurayi. Mafi kyawun waƙa da kiɗan da Pierce ya yi a lokacin da ya fi nisa da maye ya yi su. Kid Congo, wanda shi ma ya faɗa ramin, ya fita, ya kafa tawagarsa, ya rubuta littafinsa a 2022, yana ta aiki bayan ya haura shekara 60. Ina faɗar haka ne ina sane da abin da kodin da tiramadol ke yi wa samarinmu, har da wasu masu shiga situdiyo da ke zaton sai kai ya yi nauyi baiti ke zuwa.

To, su wa suka ci moriyar? A Detroit, The Gories sun taso a 1986 da jita biyu da ganga, ba bes. A New York aka kafa Jon Spencer Blues Explosion a 1991, waɗanda a 1996 suka yi faifai da tsohon makaɗin Misisipi R. L. Burnside suka kai shi gaban samarin da ba su taɓa jin sunansa ba. A 1997, shekara ɗaya bayan rasuwar Pierce, Jack White ya kafa White Stripes a Detroit. Sun sadaukar da faifansu na farko ga Son House, sun riƙa rera waƙoƙin Gun Club a dandamali, kuma sun sayar da miliyoyi. Black Keys na jihar Ohio suka biyo baya da irin wannan kiɗa mai tsatsa, su ma suka cika filaye. Ba kowannensu ne ya koya kai tsaye daga Pierce ba, kowa da malamansa. Amma taron masu sauraron da suka gada, masu son jita mai kuka da maimaita amo ɗaya har ya kama jiki, masu yarda da ƙaramin kamfani fiye da babba, a ƙananan ɗakunan shekarun 1980 aka tara shi mutum-mutum.

Yanzu duba ta ƙofar da samarin Nijar suka shiga. Faifan Bombino na 2013, Nomad, Dan Auerbach na Black Keys ne ya naɗa shi a Nashville. Mdou Moctar, wanda a nan Sakkwato ya naɗi faifansa na farko, Anar, a 2008, waƙoƙinsa suka yi ta yawo daga waya zuwa waya kafin wani ƙaramin kamfani na Portland mai suna Sahel Sounds ya nemo shi, ya yi naɗi a Third Man, kamfanin Jack White, sannan Afrique Victime na 2021 ya fito a Matador, kamfanin da ya buga faifan Jon Spencer a shekarun 1990. Gwanintarsu tasu ce, a hamada suka same ta, Mdou da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Amma hannuwan da suka buɗe musu ƙofa a Amurka na 'yan wannan zuri'a ne ta pank da buluz, kuma na ga ya dace mai karatu ya san haka.

Shi kuwa Pierce, bayan shekaru da rasuwarsa Cypress Grove ya tsinci wani tsohon kaset a cikin nasa kayan, na waƙoƙin da suka gwada tare a ɗaki ba su ƙarasa ba. Ya kira abokai suka ƙarasa su, Nick Cave da Debbie Harry da Mark Lanegan da Kid Congo da wasu, aka fitar da su faifai bayan faifai, na huɗu a 2023. Blondie ma sun yi masa waƙar tunawa a faifansu na 1999. Nick Sanderson mai ganguna ya ƙare yana tuƙin jirgin ƙasa a Ingila, ya rasu a 2008.

Roƙona, Malam Edita, shi ne shafin nishaɗi ya riƙa ware wuri lokaci-lokaci ga makaɗan da ba a auna su da yawan masu kallo a YouTube, na waje da na gida, a kuma ba da labarinsu da kyansa da muninsa. Wanda yake son jin Gun Club ya fara da Mother Juno, sannan Miami, ya bar Fire of Love a ƙarshe saboda dalilin da na ambata. In ka sake ba ni fili zan rubuto a kan The Gories, domin jagoransu Mick Collins baƙar fata ne da ya ɗauki jita a fagen da kusan kowa fari ne, a birnin da ya haifi Motown, shahararren kamfanin faifan baƙaƙen fata, kuma labarinsa ya bi wata hanya dabam da ta Pierce.

Allah ya ƙara wa jarida albarka. Na gode.

Naka,
Mai karatu daga Sakkwato